Kwalin da ke Bakin Ƙofa

Da a ce wani ya tare Menashe a kan matakala ranar Laraba, ya ce masa ya ɗaga murfin kwalin da ke kafaɗarsa ya leƙa, da Juma'ar nan ba ta zo masa yadda ta zo ba. Babu wanda ya tare shi. Shi kuwa tun da ɗansa Elnatan ya wuce shi a karatu bai ƙara taɓa takardunsa ba, kuma ba ranar zai fara ba.

Safiyar Juma'a ta same shi a asibiti, yana zaune bakin gado yana ɓare lemo. Ya bar wa maƙwabcinsa rumfarsa ta dabino da gyaɗa a kasuwa, duk da cewa ana saura mako guda Idin Ƙetarewa na Yahudawa, lokacin da ciniki ya fi kowane lokaci. Elnatan na kwance, an yi masa aiki a zuciya, ƙirjinsa a naɗe. Gemunsa ya fara furfura tun bai kai arba'in ba.

"Abba, ka kai kwalin nan geniza?"

"Tun shekaranjiya. Ci lemo."

"To madalla. Tsofaffin littattafan addu'a ne duk sun yage, sun daɗe suna jiran a binne su. In za ka dawo da yamma, ka buɗe ɗaya kwalin, na ƙarƙashin taga, ka ɗauko mini babin ƙarshe na littafina. Shi ne a sama, an ɗaure shi da jan zare."

"Likita ta ce ka huta."

"Likita ta ce kada raina ya ɓaci. Ba na jin daɗi sai ina ganinsu kusa da ni."

Menashe ya yi dariya, ya goge hannunsa a wando. A bakin ƙofa likitar, wata mace doguwa mai saurin magana, ta sake ja masa kunne. "Baba, kwanakin nan su ne masu haɗari. Kada a kawo masa wani labari, ko na ƙwallo ne."

A gida ya tarar an fitar da komai tsakar falo. Matarsa Zilfa da surukarsu Hodaya suna ta sharar Idi, wadda ba a barin ko ɓarɓashin burodi a cikin gida. Ya tsallake bokiti ya shiga ɗakin karatun Elnatan. Kwalin na ƙarƙashin taga. Irin na rumfarsa ne, na dabino, da alamar da yake yi wa kayansa da baƙin alli. Ya durƙusa ya ɗaga murfin.

Littattafan addu'a ne, bangonsu a ɓalle. Ya ɗaga na sama, ya ɗaga na ƙasansa, ya zura hannu har gindin kwalin. Babu farar takarda ko ɗaya, babu jan zare.

"Zilfa!"

Ta leƙo da tsumma a hannu. "Mene ne kake kira kamar gobara?"

"Wa ya taɓa kwalayen nan?"

"Ni da Hodaya. Ɗanka yana rubutu yana cin biskit, ka san halinsa. Ranar Talata muka ja su muka share bayansu."

"Kun mayar da kowanne inda yake?"

"Kwalaye biyu iri ɗaya, Menashe, duk na dabinonka ne, wa zai..." Sai ta ga abin da ke hannunsa. Ta dafa bango.

Hodaya ta shigo ta tsaya a bayanta. Ita ce ta fara magana, da murya ƙasa-ƙasa. "Abba, wanne ka ɗauka?"

"Na bakin ƙofa. Shi ya ce mini na bakin ƙofa."

Duk sun san abin da ke cikin wancan kwalin. Shekarun baya Elnatan da Hodaya sun rasa 'yarsu Tehila, zazzaɓi ya ɗauke ta tana 'yar shekara huɗu. Bayan an gama zaman makoki kowa ya tashi, Elnatan bai tashi ba. Ya daina zuwa makarantar da yake koyarwa, ya daina cin abinci sai an matsa masa, ya juya kujerarsa ta fuskanci bango. Menashe kan rufe rumfa da wuri ya zo ya zauna kusa da shi, ba ya cewa komai don bai san abin da mai sayar da dabino zai faɗa wa malami ba. Haka aka yi sanyi guda da bazara guda. Wata rana Elnatan ya juyo da kujerar, ya nemi alƙalami, ya fara rubuta sharhi a kan labarin Annabi Ayuba. Tun daga nan kullum yana ɗakin karatu na gari yana gwada tsofaffin rubuce-rubucen hannu da juna, ya dawo ya rubuta da nasa hannun, takarda bayan takarda. Ba ya amfani da kwamfuta. Abin da ya rubuta a sama da shekara goma yana wuri ɗaya ne a duniya, kuma Menashe ya ɗauke shi a kafaɗa ya kai shi inda ake tara abin da za a binne.

"Zai koma bangon nan," in ji Zilfa. "Ko zuciyar ta tsaya. Menashe, tashi!"

Akwatin geniza yana gefen majami'ar unguwa, babba ne na ƙarfe mai baki kamar na gidan waya. Duk takardar da ke ɗauke da sunan Ubangiji ba a jefa ta a shara, nan ake kawo ta. Kwalin bai shiga ta bakin ba ranar Laraba, sai ya ajiye shi a gefe tare da na sauran mutane. Yanzu gefen fayau yake, an ma share.

Bensiyon, mai kula da majami'ar, yana goge fitilu a ciki.

"A'a, sarkin dabino! Yau ka zo addu'a da rana tsaka? Wa ya mutu, ko kuwa gyaɗa ce ta faɗi?"

"Ina kayan geniza?"

"Mota ta kwashe jiya. Kafin Idi kowa sai ya tuna yana da tsoron Allah, kaya har kan titi."

"Ina ta kai su?"

Bensiyon ya ajiye tsumman, ya dube shi sosai. "Me ka jefa, Menashe? In takardar aurenka ce, bar ta, Zilfa ba za ta gudu ba."

"Littafin Elnatan."

"Wanne daga ciki?"

"Nasa. Wanda yake rubutawa."

Bensiyon ya kama gemunsa. Ya shiga ɗan ofishinsa ya buga waya, Menashe na jin yana ɗaga murya, yana cewa a haɗa shi da wani. Ya fito ba tare da wasa a fuskarsa ba. "Yau suke binnewa, a maƙabartar bayan gari, can ƙarshe wajen gangare. Sun fara tun safe, suna so su gama kafin rana ta faɗi Asabar ta shiga, aiki ya haramta. Kada ka tsaya kallona, gudu!"

Bas ta cika da masu komowa daga kasuwa, kowa da ledar kifi da burodin Asabar da furanni. Menashe ya tsaya a tsakiya yana riƙe da ƙarfe. A kowace tasha sai wata tsohuwa ta shigo da keken kayanta a hankali, direba ya jira ta. Wani soja ya tashi ya ba shi wuri, ya ƙi zama. Wayarsa ta yi ƙara, ya ga sunan Elnatan, ya bar ta tana yi har ta gaji. Wata mata kusa da shi ta ce, "Malam, ɗauki mana, ko ka kashe ta." Ya kashe.

Abin da yake gani a ransa ba takardu ba ne. Bayan kujera yake gani, da wuyan ɗansa da ya rame, da bangon nan mai tsaga a tsakiya wanda ya haddace shi a watannin da ya zauna yana kallonsa shi ma.

Ya sauka a ƙofar maƙabarta ya bi ta tsakanin fararen kaburbura, yana haki, duwatsu na zamewa ƙarƙashin takalminsa. Tun daga nesa ya ji ƙarar katafila. A ƙarshen gangaren an haƙa rami mai tsawo kamar za a kafa gida. Ma'aikata suna juye kwalaye cikin manyan fararen buhuna, suna ɗaurewa, suna miƙawa ƙasa. Rabin ramin an riga an rufe shi da jar ƙasa. Ɗaya rabin buhuna ne jere a kan buhuna, ga wasu tsibi guda a baki suna jira. Duk iri ɗaya.

"Ku tsaya!" Muryarsa ba ta kai ba. Ya sauka ya tsaya gaban katafilar ya ɗaga hannu biyu.

Direban ya taka birki ya leƙo. "Kai baba, ka gaji da duniya ne? In wuri kake nema, ofis na can sama, a nan littattafai kawai muke karɓa!"

Wani tsoho mai baƙar riga da farin gemu ya taso daga kan kujerar roba, yana dogara sanda. Rabbi Kalman ne, malamin addini wanda ke tsayawa a kan binne geniza, ya yi addu'a idan an gama. Ya saurari Menashe har ƙarshe, bai katse shi ba ko da maganar ta riƙa sarƙewa.

"Elnatan ɗan Menashe," in ji shi. "Mai Ayuba. Na taɓa jin karatunsa, ya sa ni na koma gida na buɗe littafi. Kai ne mahaifinsa?"

"Ni ne, Rabbi. Ni na kawo shi nan da hannuna."

"Ba ka jefa shi a shara ba, ka kawo shi inda ake girmama shi. Wannan ba zunubi ba ne."

"Ba zunubi nake tsoro ba, Rabbi. Yarona nake ji wa tsoro."

Tsohon ya dubi ramin. "Abin da ke sama, da abin da ƙasa ba ta rufe ba, buɗe ka duba, na ba ka izini. Amma wancan," ya nuna jar ƙasar da sandarsa, "an binne shi kamar yadda ake binne mutum. Ba na cewa a tone shi don ni kaɗai na ga dama."

"Ko da rai ne a kai?"

"In rai ne a kai, komai yana ɗaguwa. Amma sai na tabbata rai ne, sai na ji daga likitarsa, sai na duba abin da magabata suka ce. Ba abin da zan yanke a tsaye ba ne, rana tana gangarawa. Fara da na sama, wataƙila Allah ya hutar da mu duka."

Menashe ya cire rigarsa ta sama ya fara. Ya kwance buhu, ya zura hannu. Littattafan yara na koyon baƙaƙe, kalandar majami'a, takardun gayyatar aure masu aya a sama, igiyoyin addu'a da suka tsinke. Ya ɗaure, ya ja wani. Ba a zubar da su ƙasa, don haka kowane buhu sai ya bi shi a hankali, yana ɗagawa yana mayarwa, yana neman farar takarda mai ƙananan baƙaƙe masu karkata hagu. Biyu daga cikin ma'aikatan suka zo suka taya shi ba tare da an ce musu ba. Direban katafilar ma ya kashe inji ya sauko yana gunaguni.

"Yaya rubutun nasa yake?" in ji direban.

"Ƙanana. Da baƙar tawada. Akwai jan zare."

"Baba, rabin malaman Urushalima ƙanana suke rubutu da baƙar tawada. Tawada ce suke tattali, ko idonmu suke so su kashe?"

Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai jira a yi ba.

Can gefe an tara kwalayen da aka juye, an tattake su. Menashe ya hango baƙin alli a jikin ɗaya. Ya je ya zaro shi. Alamarsa ce. Ya buɗe kwalin da ya baje, babu komai sai takarda guda da ta maƙale a tsagin gindinsa. Hannun Elnatan ne, layi a kan layi, da ƙananan gyare-gyare a gefe.

"Wa ya juye wannan? Yaushe?"

Ma'aikatan suka dubi juna. Ɗaya ya ce da safe ne, yana jin da safe ne. Ɗayan ya ce a'a, kwalayen dabino a mota ta biyu suka zo, bayan sun ci abinci. Na farkon ya ce ai motocin biyu duk akwai kwalayen dabino. Suka fara musu, Menashe na tsaye tsakaninsu da takardar a hannu, yana duban wannan yana duban wancan.

Inuwar itatuwa ta yi tsawo ta haye ramin. Ba su duba ko kashi ɗaya cikin huɗu ba. Direban ya dubi sama, inda gajimare ke taruwa daga yamma, ya ce, "Rabbi, ni ina da mata, kuma ta fi Asabar zafi in na makara."

Rabbi Kalman ya sa aka kawo tamfol aka lulluɓe buhunan da ke ramin da na bakinsa, aka danne gefuna da duwatsu. Tamfol ɗin bai kai ƙarshe ba, wasu buhunan sun leƙo.

"Ba za a zuba ƙasa ba sai Lahadi," in ji shi. "Ka zo da sassafe, ka zo da mutane. Ni kuma zan zo da amsa a kan wancan rabin, ko wacce iri ce." Ya kama hannun Menashe. "Ka san ba a kai wa mutum mummunan labari ranar Asabar. Ba ƙarya na ce ka yi ba. Ka yi shiru kawai."

Yana fita ƙofar maƙabartar jiniyar shigar Asabar ta kaɗa a kan gari. Bas sun daina tafiya. Ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji, ya kama hanya a ƙasa. Tituna sun yi tsit, sai maza sanye da fararen riguna suna sauri zuwa majami'a, da ƙanshin miya daga tagogi. Iska ta fara kaɗawa da sanyi-sanyi. Duk 'yan taku sai ya ɗaga kai ya dubi gajimaren.

Zilfa na jiransa a barandar asibiti, ta riga ta kunna kyandir na shigar Asabar a ɗakin da aka ware don haka. Ta dubi hannuwansa, ta dubi fuskarsa.

"Sai Lahadi," ya ce.

"Yana nan?"

"Yana can. Ban san ko sama ko ƙasa ba."

Ta rufe bakinta da gefen ɗankwalinta, ta tsaya haka har numfashinta ya daidaita. Sannan ta kakkaɓe masa kafaɗa ta gyara masa wuyan riga. "Wanke hannunka. Kada ka shiga da wannan fuskar."

Elnatan ya ɗan tashi zaune, an jingina shi da matasai. Hodaya ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin gado, ta ɗora burodi biyu da ɗan kofin ruwan inabi. Ba ta ɗago ta dubi surukinta ba.

"Abba! Na kira ka har na gaji. Ka kawo?"

Menashe ya ji takardar tana motsi a ƙirjinsa tare da numfashinsa. "Asabar ta shiga, malam. Kai ne za a koya wa ba a maganar aiki?"

Elnatan ya yi dariya, ya dafe ƙirji don ɗinkin. "Ka ci ni. Mai dabino ya ka da malami."

Menashe ya yi addu'ar ruwan inabi, muryarsa ta karye sau ɗaya, ya ce ƙura ce. Ya gutsura burodi ya miƙa wa kowa. Da ya zo zama, sai ya ga idon ɗansa a ƙasa, a kan takalmansa. Jar ƙasa ta kama su har igiya, ta hau bakin wandonsa. A kasuwa babu jar ƙasa, a unguwarsu ma babu. Elnatan ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago.

"Matso da kujerar, Abba. Tunda ba ka kawo ba, bari in faɗa maka da ka. Karatu ai ba aiki ba ne."

"Ni me zan gane?"

"Wannan babin kai za ka fi kowa ganewa. A kan abokan Ayuba ne, lokacin da suka zo suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce komai ba. Masu sharhi duk sun ruga wajen jawabansu, don nan ne ake samun abin gardama. Ni kuwa na ce duk abin da suka yi masa na kirki sun gama shi kafin su buɗe baki. Na daɗe ina neman yadda zan rubuta shi, sai na tuna da wani mutum da ke rufe rumfarsa da wuri."

Zilfa ta tashi ta fita. Elnatan ya lumshe ido ya fara, a hankali, yana tsayawa ya huta, wani wuri ya ce, "A'a, ba haka na sa shi ba," ya koma baya, wani wuri ya yi shiru yana lalube, ya tsallake. Menashe ya sunkuyo har kansa ya kusa taɓa gadon. Ba a rubutu ranar Asabar, ba a kunna waya. Ba shi da inda zai zuba maganar sai kansa, kan da bai wuce aji takwas ba. Ya riƙa maimaita kowace jimla a ransa, yana motsa leɓe, yana ƙoƙarin riƙe ta kafin ta gaba ta zo ta ture ta.

Wani abu ya ɗan buga gilashin taga, ko ɗigon ruwa ne ko ganye, bai juya ya duba ba.

Har Hodaya ta kwashe burodin, Menashe bai san ko takardun suna ƙarƙashin tamfol ko ƙarƙashin ƙasa ba. Bai san amsar da tsohon zai zo da ita ranar Lahadi ba. Bai kuma san ko Elnatan ya gane inda jar ƙasar ta fito ba.